Shekarar da Na Sayar da Gwaggo

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin labarin yadda na sayar da Gwaggo, kuma kowane gida da irin nasa. A gidan marigayi maigidana cewa ake son zamani ne ya rufe mini ido. A tashar 'yan kabu-kabu cewa ake kwamfuta ce ta hau kaina kamar iska. Kawunku Saja Bawa kuwa, in ya ƙoshi ya miƙe ƙafa, sai ya ce shi ya zaɓo injin da ya ciyar da ku, ni ɗan rakiya ne kawai. To ku matso in gaya muku da bakina, tun bakin bai bi sawun hannun ba.

Don jikokina da ba su tarar da ita ba, Gwaggo ba mutum ba ce. Injin sassaƙa ƙarfe ne, wanda masu sana'a ke ce wa milin. Kana ɗaure ƙarfe a kan tebur, wuƙa na juyawa daga sama, kai kuma kana murza wili da hannu, tebur ya tafi hagu ko dama, gaba ko baya, har ƙarfen ya fito yadda kake so. Maigidana Baba Audu Fita ne ya taho da ita Zuru bayan ya bar aikin jirgin ƙasa, a kanta ya koya mini aiki, da zai rasu ya ce a bar mini. Ta tsufa har in ta tashi aiki sai ka ji tana tari kamar tsohon ɗan taba, amma babu abin da ba mu fitar da ita ba: haƙoran giyar tarakta, ƙarafan injin niƙa, kayan famfon ban ruwa. Daga Wasagu har Dirin Daji, in ƙarfe ya karye kuma babu irinsa a kanti, sai a ce a kai wa Danjuma. Na sha faɗa cewa ko haƙorin giwa aka kawo mini zan yi mata sabo, kuma har yau ba wanda ya kawo giwar ya ƙaryata ni.

Shekarar da wayar hannu ta fara shiga aljihun 'yan kabu-kabu, hannuna na dama ya fara rawa. Uwarku Ladi ce ta fara lura, a wurin shan kunu, ludayi na dukan kwano kamar ana kiɗan biki. Na ce mata sabuwar sana'a nake koyo. Ba ta yi dariya ba, ta tasa ni gaba sai asibiti. Likita ya duba, ya ba da magani, ya ce abin ba zai kashe ni ba, amma ba zai tafi ba, kuma kullum sai ya ƙara samun wurin zama. Na ce ashe irin kawunku Saja ne. Na ci gaba da aikina ina lallaɓawa, har farkon damina, ranar da wani manomi ya taho daga Sakaba da sandar ƙarfen taraktarsa, ruwa ya sauka, gona na jira. Gurbi ɗaya kawai zan yanka masa a jikinta. Na kai yanka na ƙarshe, hannun nan ya fizga, wili ya zarce, wuƙa ta ci ƙarfen har inda ba ya gyaruwa. Mutumin bai zage ni ba. Ya ɗauki abinsa, ya naɗe a buhu, ya ce Allah ya ƙara mini lafiya, ya nemi motar Kontagora. Da ashar ya yi mini da na fi jin daɗi. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama gari, aiki ya fara ƙafewa. Akwai wata bishiya daura da shagona inda tsofaffin sojoji ke zama suna jiran fansho, sai na ga in na fito sun fara matsawa suna gyara mini wuri a benci. Ku kuwa a lokacin kuna makaranta reras, ba wanda ya fara kawo ko gishiri gida.

Yayarku Talatu ce ta zo hutu daga Birnin Kebbi, inda take karatun lantarki, ta kawo maganar. Ta je shagon intanet ta bugo hoton wani Bature da ya ɗaura wa inji irin nawa ƙananan moto uku, ya haɗa da tsohuwar kwamfuta, yana tsaye hannu a aljihu injin na yanka da kansa. Na ce wannan ai aljani ne ya saya, ba kwamfuta ba. Ta ce a'a, duk lissafin na mutum ne, shi zai gaya wa injin inda zai bi, murza wilin kawai aka ɗauke masa.

"Baba, abin nan kai yake so, ba hannu ba. Kanka kuwa ba ya rawa."

Uwarku daga bakin murhu ta ce wannan kuma sai an bincika.

Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na ce na yarda, da sharaɗi guda: Gwaggo za a ɗaura wa. Talatu ta ce sai an gwada ta tukuna, domin kwamfuta ba ta da ido, ba ta da ji a jiki, ba ta da wayo ko na sisin kwabo. In ka ce ta tafi goma za ta tafi goma ko da bango ne a gabanta. Ta ce kowane inji yana da lako-lako, wato ka murza wili tebur bai motsa nan take ba, kuma wannan ba laifi ba ne in dai iri ɗaya ne a ko'ina, sai a gaya wa kwamfuta sau ɗaya ta riƙe. Amma in na tsakiya daban, na gefe daban, to babu malamin da zai iya. Matsalar, in ji ta, ba mu da kwamfutar da za mu gwada da ita tukuna. Na ce dakata. Abin da ba ya gani, ba ya tambaya, aka ce ya tafi sai ya tafi, ai wannan soja ne, kuma muna da shi a gida kyauta.

Kun san kawunku Saja ƙanin uwarku ne, ya yi Laberiya ya yi Saliyo ya dawo da ƙafafunsa biyu da bakinsa goma. Wasa tsakaninmu tun ina yi wa ubansu noman golmo na neman aure, lokacin shi ko wando ba ya sawa. Na aika aka kira shi bayan an tashi coci, ya zo yana taku kamar zai karɓi gari. Muka tsayar da shi gaban wili, muka kafa kwali tsakaninsa da tebur don kada ya ga ƙarfen. Talatu ta ɗaura agogon awo, mai allurar nan da ke nuna motsin da ido ba ya gani. Ni kuma na zama mai ba da oda: dama goma, tsaya, hagu goma, tsaya. In injin na da gaskiya, allura za ta koma kusa da inda ta taso, kuma ratar ta zama ɗaya duk inda aka gwada.

A tsakiyar tebur allura ta tsaya can nesa kamar ta yi fushi da gida. A gefen hagu ta kusa dawowa. A gefen dama tebur ya cije, Saja kuwa ba a ce masa ya tsaya ba, ya danna da ƙarfin da ya ci Saliyo har Gwaggo ta yi kukan da ban taɓa ji ba. Muka sa wuƙa, na ba shi odar yanka murabba'i, abin da ya fito sai ka ce sawun mashayi a daren bikin Uhola, ƙarshen layi bai ma san inda farkonsa yake ba. Na ce laifin Saja ne, hannunsa na harbi ne ba na aiki ba.

"Mijin Yaya, ni oda na bi. In ka ga an ci garin da ba shi aka nufa ba, mai ba da oda ake tambaya."

Na ture shi, na cire kwalin, na kama wili da hannuna mai rawa, a hankali a hankali. Murabba'i ya fito tsaf, kusurwa huɗu kamar an zana da rula. Na juya zan yi musu kirari, sai na ga Talatu ba ƙarfen take kallo ba, ni take kallo. Ta ce in na zo tsakiya gwiwata na tokare tebur. Ta ce kafin kowace kusurwa ina mayar da wili baya kaɗan in sake kamo shi. Ta ce hannuna na hagu na matse wani noti yana sakinsa ba tare da na dube shi ba. Wallahi ban san ina yi ba. Hanyar da tebur ke zamewa a kai ta cinye a tsakiya tun zamanin maigida, jikina ne ya haddace ramukan yana cike su, kamar direban da ya san hanyar Ribah. Gwaggo maƙaryaciya ce, ni kaɗai na san kowace ƙarya tata, kuma wanda ya san ɗin ga shi yana rawa. Ranar malmala uku kawai na iya ci.

Babu yadda za a yi in sayi wani inji Gwaggo na zaune, don kuɗin sayen a jikinta suke. Na gaya wa uwarku zan sayar. Ba ta hana ba, tambaya ɗaya ta yi, in sabon ya ƙi, me za mu ci. Na ce kwamfutar, an ce tana da ƙwaƙwalwa, a yi farfesu. Ta dube ni irin kallon nan nata, ta ce za ta ƙara tanda ɗaya ta masa, amma in sani ba don Bature mai hannu a aljihu ta yi ba. Wadda ba ta ɗauki abin da sauƙi ba ita ce Inna Kande, matar maigida. Ta zo shago da sandarta, na ba ta kujera ta ƙi zama.

"Danjuma, yana da 'ya'yan cikinsa ya tsallake su ya ba ka. Ashe ajiya ya ba ɗan kasuwa."

Na yi bayani da Hausa, na koma na yi da yarenmu na C'lela, ba wanda ya shiga. Na ce mata Ayuba zan ba, wanda ya koyi aiki a hannuna yana Dirin Daji, hannuwansa lafiya lau, Gwaggo kuwa hannu take so. Ta ce da na bar ta ta yi tsatsa a ɗakina da ya fi mata. Daga ranar har ta koma ga Allah, in na gaishe ta amsarta ba ta wuce kalma ɗaya. Wannan shi ne abin da na biya wanda ba ya cikin ciniki, kuma ban ce ba ta da gaskiyarta ba. Amma da aka ce in sake zaɓe, abin da na yi shi zan sake yi. Ranar da mota ta zo ɗauka ni na kwance notin ƙasa da kaina. Shago ya zama fili, har ana iya buga ƙwallo.

Muka hau motar Kaduna mu uku, ni da Talatu da Saja, kwalinmu a naɗe kamar takardar sarauta, agogon awo a jakar Talatu cikin zani. Hanyar kuwa ramukanta sun isa a yi kamun kifi. Muka sauka Panteka wurin wani dillalin injuna, Alhaji Mamuda, da ya ji Hausarmu ya ce mutanen Zuru, soja ko noma? Na ce duka, har da saye in kaya na da kyau. Ya fara nuna mana wani sabo dal ɗan China, fentinsa na ƙyalli, ko leda ba a gama cire masa ba. Talatu ta kamu nan take, don ya yi kama da na hoton. Muka kafa kwali, Saja ya gyara tsayuwa, na fara ba da oda. Kafin ka ce kwabo masu walda da masu tura baro sun kewaye mu, suna kallon ƙaton mutum a bayan kwali ana yi masa fareti. Allura ta yi kyau. Amma ginshiƙin injin zagayayye ne kamar taɓarya, da muka ɗaga kansa muka sauke sai ya karkace ya manta inda yake. Da muka sa masa ƙarfe na gaske kuwa, ya kama karkarwa tun daga kai har ƙafa. Na ce wa Talatu mai rawa ɗaya ya isa a shago.

Na biyu shi ya kusa kashe ni. Wani basamude ne da aka fitar daga masaƙar da ta rufe, tsayinsa sai ka cire hula kafin ka ga kansa. Saja ya murza, allura ta koma gida kamar ɗiyar kirki, tsakiya da gefe duk ɗaya. Na shafa shi, na zagaya shi, har na fara tunanin yadda zan fasa bangon shago ya shiga, mutanen gari su zo kallo. Talatu ta ja ni gefe. Ta ce wanga wuta mai layi uku yake ci, mu kuwa a unguwarmu layi ɗayan ma sai ya ga dama yake leƙowa. Ta ce teburinsa ya kai nauyin bijimi, moton da zai ja shi sai mun sayar da gida mun ƙara da Saja. Na san gaskiya ta faɗa. Duk da haka sai da na ƙara zagaya shi, kamar mai bankwana da budurwar da aka ba wani.

Ina cikin wannan zagaye ne na hango wani abu a bayan rumfa an rufe da tsumman tamfol, kaza na kwance a kai. Matsakaici ne, fenti ya kwaile, tsatsa ta yi masa ja kamar ya yi wanka da manja. Alhaji ya ce daga wani ɗakin koyon sana'a aka kwaso shi, na awon kilo ne, kada in ɓata lokacina. Amma na ga ginshiƙinsa mai kusurwa ne, kai na hawa da sauka a kan hanya miƙaƙƙiya. Na roƙi kananzir da tsumma na goge hanyar tebur, sai ga zanen maƙerinsa na asali ya fito kamar ɓawon kifi, tun daga wannan gefe har wancan, ko'ina bai goge ba. Tsatsar duk a riga ta tsaya. Injin nan bai yi aikin kirki ba a rayuwarsa, ɗalibai sun yi ta kallonsa ne kawai suna jiran wuta. Muka kori kaza, muka kafa kwali. A tsakiya allura ta rage kaɗan ba ta kai gida ba. A hagu, daidai wannan kaɗan ɗin. A dama, shi ɗin dai. Maƙaryaci ne shi ma, amma ƙaryarsa guda ce, kullum ita yake maimaitawa, irin wanda ake iya zaman aure da shi.

Na ɗaure fuska. Duk ɗan kasuwa ya san abin da kake so shi kake zagi. Na tofar da yawu, na ce wa Alhaji wanga ai sai dai a yi turken jaki da shi, amma tunda na zo daga nesa zan rage masa shara. Ya fara saukowa ke nan, sai kawunku ya fito daga bayan kwali, ya ƙame, ya sara mini a gaban jama'a.

"Oga, wannan ne ya ci jarrabawa. Sauran duk a sallame su."

Alhaji Mamuda ya yi murmushi har kunne, ya ce ashe kazar nan ta san abin da take kwanciya a kai. Nan take turken jaki ya zama kayan gado. Abin da gaskiyar Saja ta jawo mini a ranar, kuɗin motarmu na komawa ma sai da Talatu ta buɗe bakin zaninta. To wannan shi ne zaɓen da yake cewa ya yi. Ku riƙa gaishe shi.

Daga kaka har wata damina muna fama. Moto uku aka yo mana saƙonsu ta Legas, muka ƙona ɗaya tun ranar farko, unguwa ta ɗauka gashin masara ake, sai da aka sake aiko wani. Kwamfutar tsohuwa ce daga shagon masu buga takardu, in ta tashi sai ta yi nishi kamar mai naƙuda. Talatu na zuwa duk hutu, tana koya mini buga lissafi da yatsa ɗaya na hagu, ina yi tana gyarawa, wani lokaci har da tsawa, na ce ramuwar bulalar da na yi mata ce. Masar uwarku ce ta riƙe gidan nan duk tsawon lokacin, wanda ya ci a cikinku ya sani. Da aka zo ɗaura moto, Talatu ta ce akwai dabarar da za a bar wilin a wurinsa, ko da wata rana zan so in murza da kaina. Na san tausayina take ji. Na ce a cire. In wili na nan hannun nan zai je, in ya je zai ɓata, gara ya je ya tarar babu kowa. Ta miƙo hannu za ta karɓi sifana, na hana. Noti uku ne kacal, na yini a kansu, sifana na zamewa ina sake kamawa har na gama.

Aikin farko na gaske ya zo bayan ta koma makaranta, ni kaɗai a shago. Wani mai lambu a fadama ne famfonsa ya fashe a wuya, ya rasa yadda zai yi, ya kawo mini yana kallon hannuna a sace. Na ce ya je ya dawo. Na auna, na buga lissafi da yatsana ɗaya, na karanta shi sama da ƙasa har na haddace kamar Fatiha, na tada janareta, na yi bisimilla na danna. Wuƙa ta sauka, tebur ya kama tafiya ba mai taɓa shi. Da ta doshi kusurwar farko, hannuna na dama ya tashi da kansa ya kai cafka inda wili yake a da, ya damƙi iska. Wuƙa ta sha kwanarta lafiya lau ba ta ko gaishe ni ba. Na ja kujera na zauna a kan hannuwana duka biyu har aka gama. Da na auna, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Gidan mai lambun nan a bayan shagona yake, in ka yi tari yana ji. Amma ban jira ya dawo ba. Na ɗora ƙarfen a kai da sauran ɗuminsa kamar mai tallar masa, na bi ta tasha, na ratsa kasuwa tun daga 'yan hatsi har 'yan tireda, na zagayo ta bakin masallaci, na ɓullo ta gaban coci. Duk wanda ya tambaya sai in sauke in ba shi ya shafa, in ce aikin Danjuma ne, na yau ɗin nan. Ban kai gidan mutumin ba sai da wani ya tare ni a hanya, da karyayyar giyar tarakta a cikin buhu.